Tsohuwar Land Rover ta ƙi tashi: ina batirin yake, kuma yaya ake canza shi?

Wannan karon mun ajiye zancen farashin hatsi da na albasa, za mu leƙa ƙarƙashin kujerar direba. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikinmu abincinsu yana rataye ne a wuyan wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, wadda ta girmi direban da ke tuƙa ta, wani lokaci ma ta kusa sa'ar ubansa. Ita ke kwaso buhuna daga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, ta kawo su Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, ko kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis. Ranar da ta ƙi tashi da asuba kuwa, sau da yawa injin lafiyarsa lau. Mai laifin wani baƙin akwati ne da bai kai kwandon tumatir girma ba, wato batiri.

In haka ta faru, direba kuɗin lodi ɗaya ya rasa. Amma mai tumatir, da mai latas, da mai ƙwaryar nono, su uwa da riba suke rasawa, don kasuwar ƙauye in ta ci ta watse sai wani mako. Ga kuma hajiyoyi da alhazan da suka tara kuɗin adashi suka sayi irin wannan mota suka ba wani yana ja. Su ne ake zo wa da labarin cewa batiri ya mutu, a ba da kuɗin sabo, bayan wata huɗu a sake dawowa da labarin. Don haka muka ga ya kamata mai kuɗin ya san abin da ake yi da kuɗinsa. Canza batiri aikin rabin awa ne, amma a tsohuwar mota yana da tsari, kuma wanda ya saɓa tsarin yana iya ƙona wayoyin mota, ko ya rasa ido.

Motar da ta ɓoye batirinta

Mun ɗauki Land Rover misali saboda ita ce ta fi wahalar da mutane wajen wannan aiki. A Ingila aka fara ƙera ta a 1948, a garin Solihull. Waɗanda suka fi yawo a yankinmu su ne samfurin da ake kira IIA, na 1961 zuwa 1971, da samfuri na III, na 1971 zuwa 1985, musamman doguwar mai lamba 109. Daga 1983 aka fito da 110, wadda a 1990 aka raɗa wa suna Defender, aka ci gaba da ƙera ta a tsohuwar siffarta har watan Janairu na 2016. Jikinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, shi ya sa za ka ga mota ta shekara hamsin ƙofarta na ɗaure da igiya amma jikin bai rube ba. Ƙashin bayanta kuwa, wato shasi, ƙarfe ne, kuma ƙarfe ba ya shiri da ruwan batiri. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To ina batirin yake? Ya danganta da injin. A tsofaffin masu esansi da silinda huɗu, yana gaba cikin ɗakin injin, kusa da tankin ruwan sanyaya inji. A masu silinda shida, da 110 da Defender, yana ƙarƙashin kujerar gaba ta hannun hagu. A motocin da aka yi wa ƙasashe irin namu, masu sitiyari a hagu, direba a kan batirinsa yake zaune ke nan. Amma akwai tsofaffin da suka ƙetaro daga Najeriya da sitiyari a dama, don sai a watan Afrilu na 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar mu. A irin waɗannan, fasinjan gaba ne ke zaune kan batirin, galibi Hajiya mai kaya mafi yawa.

Wadda ta fi rikita yaran garaji ita ce tsohuwar IIA mai gazuwal. Da batiri biyu ta fito daga kamfani, kowane volt 6, ɗaya a ɗakin injin, ɗaya ƙarƙashin kujera, an haɗa su a jere suna ba da volt 12. Yau da wuya ka tarar da wadda ba a mayar wa batiri ɗaya na volt 12 ba, amma kowane makanike inda ya ga dama ya ajiye nasa: wani gaba, wani ƙarƙashin kujera, wani ma a baya cikin akwatin katako tsakanin buhuna. Saboda haka kafin a kwance komi, a bi babbar wayar da ta fito daga demarer, wato abin da ke juya injin in an murza makulli. Inda ta ƙare, can batirin yake.

Ba Ingilishi kaɗai suka yi wannan ɓoyo ba. Motocin kaya na Chevrolet da aka ƙera a Amurka daga 1947 zuwa farkon 1955 a ƙarƙashin ƙafar fasinja suke ajiye batiri, sai an ɗaga tabarma da wani ƙaramin murfi. Su kuwa mutanen Peugeot sun sauƙaƙa wa jama'a. A bashe 404, wadda ta fito a 1967, da ƙanwarta 504 da ta biyo baya, da zarar ka ɗaga kapo ga batiri yana kallonka. Har wani koren noti mai fukafukai suka sa a kan wayar mas, wanda ake murzawa da hannu a yanke wutar mota duka ba tare da an nemi kayan aiki ba. Duk wanda bashensa ke da wannan noti har yanzu, kada ya bari a musanya masa shi da waya murɗaɗɗiya.

Ɓoye batiri ƙarƙashin kujera yana da amfaninsa, tunda ya yi nesa da zafin injin. Illarsa ita ce mantuwa. Batirin da ke gaba, duk safiya in karen mota ya zo duba ruwa da mai yana ganinsa. Na ƙarƙashin kujera kuwa sai ranar da ya mutu ake tunawa da shi.

Kai hannu gare shi

A kashe injin, a zare makulli, a sa giya, a danne taya da dutse. Idan batirin yana gaba, a tuna cewa yawancin waɗannan motoci suna ɗauke da tayar safiya a kan kapo, kuma nauyinta ya kai rabin buhun siminti ko fiye. Ɗan ƙarfen da ke tokare kapo ya shekara arba'in yana aiki. Ko dai a sauke tayar tukuna, ko a ƙara tokarawa da itace mai ƙarfi, don mutum zai sunkuya ne kansa a ciki.

Idan kuma ƙarƙashin kujera yake, sai a cire katifar kujerar, a kwashe duk abin da shekaru suka tara a wurin, su tsumma da igiya da galan da ƙusoshi, sannan a buɗe murfin ƙarfen. Kada a cusa kai nan take. A bar wurin a buɗe ya sha iska na ƴan mintoci, ƙofofin mota ma a buɗe. Batiri yana fitar da wata iska mai suna hidirojen, musamman in yana shan caji ko bai daɗe da sha ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya ishe ta ta kama. Akwatin da ke rufe ƙarƙashin kujera wurin taruwarta ne. Wanda ya ƙyasta ashana don ya ga cikin ramin, ko ya sunkuya da taba a baki, yana iya ganin batiri ya fashe masa a fuska. Da fitilar hannu ake dubawa, ko hasken salula.

A cire zobe, da agogon ƙarfe, da awarwaro. Wannan ya shafi mata da ke taimakawa wajen riƙe fitila ko miƙa kayan aiki. Volt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gida, ana iya taɓa kan batiri da hannu ba abin da zai faru, shi ya sa mutane ke raina shi. Amma in ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, ɗaruruwan amfiya ne ke bi ta cikin ƙarfen, zobe ya yi ja a yatsa kafin mai shi ya iya zare shi.

Sai a duba wace waya ce mas. Mas ita ce gajeriyar wayar da ke tashi daga kan batiri ta ɗaure a jikin shasi ko injin. A motocin zamani kullum daga kan mai alamar − take fita. To a Land Rover da aka ƙera kafin 1967, akasin haka ne: kan mai alamar + shi ke zuwa jikin mota. Da yawansu an juya su tuni, amma ba duka ba. Launin waya ba shaida ba ne, don makanikan da suka gabata da wayar da suka samu suka yi aiki, ja ko baƙa. Ido ne shaida: a bi wayar a ga inda ta ɗaure, a duba alamar da ke jikin batirin, a ɗauki hoto da salula kafin a taɓa komi.

Ga tsarin da ba a saɓa wa: wayar mas ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Dalilin a fili yake. Muddin mas na ɗaure, jikin motar gaba ɗaya ya zama kamar kan batiri guda. In ka fara da ɗaya kan, sifanar hannunka, wadda makanikanmu ke kira kile, tana juyawa cikin rami ƙunci, ƙarfe ta ko'ina. Da gindinta ya shafi gefen akwatin, wuta ta tashi. Amma in ka fara da mas, ko sifana ta shafi jikin mota ba abin da zai faru. Da ka cire ta, ka lanƙwasa ta gefe ka naɗe bakinta da tsumma, sauran aikin ya zama lafiya.

Notin kan batiri yawanci kile 10 ko 13 ke kama shi. Sai dai notocin asali na tsohuwar Land Rover da awon inci na Ingila aka yi su, ba milimita ba, saboda haka kile ɗinmu yakan zauna musu sako-sako ya cinye musu kusurwa. In noti ya cije, a zuba masa ɗan gazuwal ko man birki a jira, kada a hau dukansa. Haka in maɗaurin ya manne a kan batiri: a buɗa bakinsa da sukudireba a hankali, a murɗa shi hagu da dama. Guduma ba ta da aiki a nan. Kan batiri na dalma ne, mai laushi, dukansa yana tsaga murfin ko ya karya haɗin da ke ciki.

Batirin irin wannan mota yakan kai kilo 20 ko fiye, kuma daga rami za a ciro shi. A ɗaga shi a miƙe, da hannunsa in yana da shi, in babu a zagaya masa igiya mai ƙarfi mutum biyu su ɗaga. Kada a rungume shi a ƙirji. Ruwan cikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne, yana huda riga, yana ƙona fata. In ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a nufi likita, ba bayan an je ba.

Da an fitar da shi za a ga ɓarnar da aka daɗe ba a gani ba: wani farin gari ko shuɗi-shuɗi a kan wayoyi, da tsatsa a gindin akwatin, wani lokaci har ya huje ana hango ƙasa. Maganin yana cikin kicin ɗin kowace mace. A jiƙa kanwa ko bikarbonat a ruwa, a wanke wurin da tsohon buroshi. Za a ga yana kumfa, asid ne ke mutuwa. A ɗauraye, a bari ya bushe, in da hali a shafa fenti. In gindin ya huje, a kai wa mai walda yanzu da batirin ke waje, kafin wata rana ya faɗo a kan hanya. Amma ruwan kanwa ko ɗigo kada ya shiga cikin batiri, don yadda yake kashe asid ɗin waje haka zai kashe na ciki.

Wajen saye

Nan ne kuɗi ke salwanta. Shawararmu ita ce a tafi shago da tsohon batirin, ko da awonsa a igiya: tsawo, faɗi da tsayi. Tsayin ya fi komi muhimmanci ga na ƙarƙashin kujera, saboda murfin ƙarfe ne, kuma mutum zai zauna a kai mota na tsalle cikin ramuka. Batirin da ya ɗara na da tsayi da yatsa biyu yana iya taɓa murfin, wuta ta tashi a ƙarƙashin direba. Ko da ya zauna daidai, a rufe kan da ba na mas ba da robarsa, ko a shimfiɗa yankin tsohon tiyub tsakaninsa da murfin.

A duba kuma gefen da kan + yake. Batura biyu suna iya zama girma ɗaya, amma ɗaya + ɗinsa a dama, ɗaya a hagu. In aka sayo wanda ya saɓa, wayoyi ba za su kai ba, sai yaro ya fara ja da ƙari, ko ya haɗa su a juye. Haɗin juye na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙona altanato. Kan + ya ɗan fi na − kauri, don a gane shi ko a duhu. Akwai kuma baturan ƙananan motocin Japan masu siraran kawuna, maɗaurin Land Rover ba ya kama su. Cusa ƙusa ko ɓallen gwangwani don cike giɓin dabara ce ta kwana biyu.

A jikin kowane batiri akwai lambobi biyu. Mai Ah, kamar 70Ah ko 100Ah, tana nuna yawan wutar da yake ajiyewa. Mai A kaɗai, wadda ta kai ɗaruruwa, tana nuna ƙarfin bugunsa lokacin tayar da inji. Mota mai gazuwal ta fi buƙatar wannan ta biyun. Injin gazuwal na Land Rover mai lita 2,25 yana matse iska sau 23, na esansi kuwa sau 7 ko 8 ne kawai, ga kuma bujin da ke ɗumama injin suna shan nasu kafin a murza makulli. Shi ya sa batirin da ya raunana ke tona kansa da asubahin hunturu, cikin Disamba da Janairu, alhali zafin watan Afrilu da Mayu ne ya cinye shi tun tuni. Masana batiri suna lissafa cewa duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan 25 yana rage kwanansa da rabi. Mu da ke ganin sama da 40 a bazara, kada mu yi tsammanin namu zai yi shekarun da yake yi a Turai.

Batiri yana tsufa ko a kan kanta yake. A tambayi ranar da aka yi shi, a kuma ce mai shago ya auna shi da mita a gaban mai saye. Cikakken batiri da ya huta yana nuna volt 12,6 ko sama kaɗan. In ya nuna 12,2 rabinsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa, a bar masa kayansa. A karɓi takardar garanti da kwanan wata, a kuma rubuta ranar saye a jikin batirin da fenti. Hajiya mai mota, wannan rubutun kaɗai zai raba ki da gardama da direba ranar da aka ce miki ya mutu, zai kuma nuna miki ko naki ne ke cikin motar ko an musanya.

Game da na hannu, wanda aka wanke aka goge aka zuba wa sabon asid, mu dai ra'ayinmu araha ba ta ado. Zai tayar da mota a bakin shago, mita ma za ta nuna lamba mai kyau, amma farantan cikinsa sun riga sun zube. Haka batirin sola da ya cika kasuwanninmu yanzu. Shi an yi shi ne ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan dare guda, na mota kuwa an yi shi ya yi bugu ɗaya mai ƙarfi. Kowane aka sa shi aikin ɗan'uwansa, kwanansa ya ragu.

Wajen ɗaurawa a bi tsarin a juye. A kankare cikin maɗauran har su yi haske, a zaunar da batiri, a ɗaure shi da ƙarfensa yadda ba zai motsa ba. Wannan ƙarfe shi ne abin da aka fi yarwa, kuma girgizar hanyar laterit tana kakkaɓe farantan batirin da ba a ɗaure ba. Sai a ɗaura wayar da ba ta mas ba, a ƙarshe mas. A gwada murɗa kowane maɗauri da hannu. In ya juya, bai ɗauru ba. A shafa musu ɗan basilin ko giris a sama. A duba ɗaya bakin wayar mas ma, inda ta kama shasi, don tsatsar wurin kaɗai tana sa mota ta yi kamar batirinta ya mutu. An sha sayen sabon batiri alhali noti ɗaya ne ke neman gogewa.

Me ya kashe na farkon?

Kafin a biya makanike a sallame shi, a tayar da mota, a ɗan taka totur, a sake aunawa. Ya kamata mita ta hau tsakanin 13,8 da 14,4. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, motar ba ta caji, sabon batirin ma hanyar tsohon zai bi. Sau da yawa bel ɗin fanka ne ya saki. In kuma ta wuce 15, motar tana dafa batirin ne, ruwansa zai riƙa ƙafewa, a riƙa jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Tsofaffin da suka riga samfuri na III da dinamo suka fito, wanda a mafi yawansu ƙarfinsa bai wuce amfiya 22 ba, kuma in injin na aiki a hankali kusan ba ya ba da komi. Motar da ke tafiyar kura cikin yashi da dare, fitilu a kunne, rediyo na waƙa, salula goma na fasinja na caji, cin batirinta take yi tana tafiya. Mai irin wannan mota gara ya sa altanato, amma sai an tabbatar an mayar da mas ɗinta kan − tukuna.

Akwai wata al'ada a tashoshinmu da ya kamata a bari. Mota ta ƙi tashi, sai a aro batirin maƙwabci a tayar da ita, a cire shi injin na aiki, a mayar da mataccen. Zamanin dinamo an yi haka an kwana lafiya. Altanato kuwa ba ya jure a raba shi da batiri yana juyawa. Wutar takan yi tsalle ta ƙona shi, gyaran da zai iya fin batirin tsada. In za a yi taimako, a yi da wayoyin haɗi, kowane batiri na wurinsa: + da + tukuna, sannan ɗaya wayar daga − na mai taimako zuwa jikin injin matacciyar, nesa da batirinta, kuma kada motocin biyu su taɓa juna. Masu Toyota Land Cruiser mai gazuwal su ƙara lura, don wasunsu volt 24 ne, batiri biyu a jere. Irin waɗannan tare ake canza su, iri ɗaya, rana ɗaya. Jan waya daga guda ɗaya don rediyo ko cajin salula yana sa ɗaya ya rame ɗaya ya ƙoshi, su mutu duka biyun.

Sai ruwa. Batirin da ke da murafu shida, a buɗe a duba ko da sau biyu a wata lokacin zafi. Ruwan ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid yana nan, don haka tataccen ruwan batiri ake ƙarawa, ba asid ba. A shago a faɗi wanda ake so a fili, tunda duka biyun ruwan batiri ake ce musu. Ruwan rijiya da na famfo suna da gishiri da ƙarfe masu lalata farantai.

Tsohon batiri ba kayan gida ba ne

Fiye da rabin nauyin batiri dalma ce, shi ya sa masu sayen tsofaffin ƙarafa ke biyan kuɗi a kansa, wasu shaguna ma suna rage farashin sabo in an bar musu tsohon. A karɓi wannan ragi, a bar shi can. Abin da muke roƙon iyaye mata shi ne kada ya kwana a tsakar gida, kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa inda yara ke wasa ko kusa da rijiya, kada kuma a mayar da kwankonsa abin ba kaji ruwa ko na zuba hatsi.

A unguwar Tiyaroy da ke bakin teku kusa da Dakar, a ƙasar Senegal, an shekara da shekaru ana fasa tsofaffin batura ana narka dalmarsu, har ƙasar unguwar ta cika da ita. Da dalma ta yi kuɗi, mata suka shiga ɗebo ƙasar suna kaiwa gida, suna tankaɗewa don su tsinci abin sayarwa, goyo a baya, ƙanana na rarrafe a gefe. Tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008 yara 18 suka mutu, kuma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga ya nuna gubar dalma ce. Matan nan neman na cefane suke yi, kamar kowace mai karanta wannan shafi. Maƙwabtanmu na Zamfara ma sun ga irin wannan a 2010, ko da yake tasu dalmar daga dutsen zinariya ta fito, inda yara wajen 400 suka rasu. Dalma ba ta da ɗanɗano ko wari da zai gargaɗi uwa, kuma yaron da bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har girmansa.

In dole ne tsohon batiri ya hau mota zuwa birni wurin mai saye, a ajiye shi a miƙe, murafunsa a rufe, cikin akwatin katako ko tsohuwar taya, a can ƙuryar baya, nesa da buhunan gari da kwandunan ganye. Wanda ya ɗauke shi kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a kwano.